Ƙarfen da Na Ɗauko Daga Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. Matan da muke suyar ƙuli tare, da masu zuwa sayen mai, har da waɗanda a da ba sa ko gaishe ni, kowa ya shigo sai ya ja tabarma ya ce, "Hanne, wai da gaske ke kika tsallaka iyaka kika ɗauko ƙarfe?" Da gaske ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, a fita da shi a ƙara masa gishiri. To ga shi nan tun daga tushe. Wanda ya ga ban kyauta ba ya riƙe ra'ayinsa, ni dai ban yi nadama ba.

Ni mutuniyar Kabo ce, sana'ata man gyaɗa, mijina ya daɗe da rasuwa. Ina da ƙane guda, Habu, direba. A shekarun nan da aka kawo shari'a rayuwa ta yi tsanani, fetur ya yi wuya, motar hayar da yake ja ta kwanta, mai ita ya kasa tayar da ita. Sai Alhaji Tanko, wani babban ɗan kasuwar hatsi a Gwarzo, ya ɗauke shi aiki. Alhaji ya sayo wata 'yar mota daga Nijar, irin wadda ba don kwalta aka yi ta ba. Tayoyinta huɗu masu kauri, ba ƙofa, ba rufi, kujera biyu a gaba, sai bodin kaya a baya. Tana shiga inda a-kori-kura ba ta isa ta shiga ba, cikin laka da burtali da kunyoyin gona. Saboda yadda take tsalle mutane suka sa mata suna Kwaɗo.

Da damina ta yi nisa, Habu ya yi lodin taki zai kai ƙauyukan Kara. A hanya mutane suka tare shi suna roƙon ya rage musu hanya. Samari suka ɗare kan buhuna, wani dattijo manomi, Malam Idi, aka ba shi kujerar gaba don girmamawa. Da suka zo gangaren wani rafi motar ta karkata, ta kife. Samarin suka dira, Habu ya faɗa gefe, ita kuwa ta danne Malam Idi. A asibiti a Kano aka yanke masa ƙafa daga gwiwa.

Magana ta je gaban alƙali. Alhaji Tanko ya ce motarsa lafiyarta ƙalau, yadda ya sayo ta haka take, direba ne ya yi ganganci, don haka diyyar ƙafa a kan direba take. Habu ya ce ba haka ba ne. Ya ce ranar da suka je ɗaukar ta a Maraɗi tana da wani ƙarfe mai kauri da ya zagaye kujerun ta sama kamar keji, da bel na ɗaure jiki, Alhaji ne ya sa aka yanke su don a faɗaɗa bodi ya ci buhu da yawa. Alƙali ya ce ya kawo shaida, ya ba shi lokaci zuwa bayan girbi. Aka ba da belin Habu, amma aka hana shi barin gari.

Mazan gidanmu suka zauna a zaure suka yanke cewa a sayar da gonar da mahaifinmu ya bari, a je a durƙusa wa Alhaji ya taimaka da abin da ya ga dama. Ina bayan ƙofa ina ji. Na ɗaga labule na ce, "Ni ma ina da gado a gonar nan, kuma ban sallama ba. Maraɗi a duniya take, zan je."

Aka yi ca a kaina. Wani ya ce mace ba ta tafiya ba muharrami. Na ce na sani, shi ya sa zan tafi da Kawu Bala. Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, kunnensa na hagu ya toshe, na daman ma sai an ɗaga murya. Ya yi fataucin jakai zuwa Maraɗi tun yana saurayi, kuma har yau yana ganin babu lungun da bai sani ba a can. Da aka yi masa bayani da ƙarfi sai ya ce, "Yaushe za mu tashi?" Nan zaman ya watse.

Muka fito Kabo da sassafe da ƙullin kayana da galan ɗin man gyaɗa na tsaraba. A tashar Gwarzo muka sami mota mai zuwa Katsina. Lokacin an fara raba wurin zama, mata a baya maza a gaba, don haka Kawu yana can kusa da direba ni ina ƙarshen mota. Ba mu yi nisa ba, a Dayi fetur ya ƙare. Gidan mai a rufe, sai 'yan bumburutu, direba ya tsaya ciniki kamar mai sayen sa. Na hango Kawu ya fita yana nufar wata motar daban, ya zaci an iso. Na leƙa ta taga na ƙwala masa kira, "Kawu! Ba a zo ba! Dawo!"

Wani mutum mai jar hula a kujerar tsakiya ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah, muryar mace al'aura ce."

Na ce, "Malam, to taimaka ka ara mini taka, ka sauka ka kamo shi."

Matan da ke kusa da ni suka rufe baki da mayafi suna dariya. Ya sauka kuwa ya kamo shi, yana ta huci. Bai san akwai saura ba. Wajen Kankiya murfin galan ɗina ya kwance saboda ramuka, mai ya bi ƙasan mota ya jiƙa masa gefen riga. Na ba shi haƙuri da zuciya ɗaya, don wannan kam laifina ne. Har muka shiga Katsina motar tana ƙamshin ƙuli.

Daga Katsina muka hau ta Jibiya, muka isa bayan la'asar, aka ce motocin tsallakawa sun gama tashi sai gobe. Wata mai tuwo a bakin tasha ta ba ni wuri a ɗakinta, Kawu ya kwana a rumfar masallaci. Tuwon dawa ta ba mu da miyar kuka wadda daddawa ta yi wa yawa. Da ta ji abin da ke tafe da ni sai ta ce, "Ke da Alhaji za ki ja? Mai kuɗi?" Na ce ba ja zan yi da shi ba, tambaya kawai zan je in yi. Ta girgiza kai ta ƙara mini miya.

Da safe muka kama hanyar iyaka. A ɓangarenmu abin da kowa ya sani ne, direba ya sauka, a gaisa, a wuce. Da muka shiga ƙasar Nijar sai na ga wani abu daban. Jandarma, wato 'yan sandan hanyarsu, ya zo ya ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya kamar awaki, ya ga mun wuce adadin kujeru, ya sauke mutum biyu. Direba ya yi magiya, ya ƙi ko kallonsa. Sannan ya nemi takardar inshora, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa. Abin ya ba ni mamaki. A wurinmu takardar nan a tasha ake sayen ta don a nuna a shinge, ban taɓa jin wanda mota ta kaɗe ta biya shi ba, wasu malamai ma suna cewa ba ta halatta. Wata mata da ke zaune kusa da ni ta ce a nan idan aka kama ka babu ita, motar ta kwana a hannu. Ban ce ba sa karɓar na goro ba, na ga hannu ya shiga aljihu a wani shingen gaba. Amma mutum biyun nan dai ba su koma motar ba.

Jandarman ya zo kaina ya ce, "Mi za ki yi Maraɗi?"

Na ce, "Shaida na zo nema."

Ya dube ni, ya dubi katin zaɓena, ya miƙo mini. Sai ya juya wajen Kawu ya ce, "Mushe, katinka." Duk kurumtar Kawu wannan kalma ta shiga. Ya miƙe tsaye ya ce, "Wa kake kira mushe? Ni na yi maka kama da mataccen jaki?" Da ƙyar matar nan ta fahimtar da shi cewa a bakinsu girmamawa ce, kamar a ce Malam. Kawu ya zauna yana ƙunƙuni, wai a zamaninsa ba a san wannan rashin kunya ba.

Matar sunanta Hajiya Mariyama, tana fataucin atamfa tsakanin Kano da Maraɗi. Da muka sauka, Kawu ya tsaya a tsakiyar tasha yana juye-juye. Bishiyar da yake ɗaure jakai babu ita, gidan mai masaukinsa ya zama kanti. Ya ce, "Sun canza garin." Hajiya Mariyama ta kwashe mu zuwa gidanta ba tare da mun roƙa ba.

Na ga abubuwa a gidan nan. Da safe burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa da tauri, Kawu ya ce sai dai a jiƙa masa. Da rana fura ce abinci, ba abin sha bayan abinci ba, ƙwarya guda kowa ya sa ludayi, kuma furarsu ta fi tamu yaji. Maza kuwa ba su da aiki sai dafa shayi a 'yar buta, a zuba a kofi kamar murfin kwalba, na farko ɗaci kamar maɗaci. Kuɗinmu da na canza suka koma 'yan tsiraru a tafin hannu, har na zaci an cuce ni, Hajiya ta ce a'a, naira ce ta faɗi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babur. A lokacin da ake ta gardama a gida ko mace za ta hau bayan ɗan acaɓa, a can mata ne ke tuƙa nasu, da hijabinsu da komai, su je kasuwa su dawo. Hajiya ta tayar da nata ta ce in hau. Na hau. Na riƙe ta kamar zan karya mata haƙarƙari, ina salati, tana dariya.

A kan babur ɗin nan muka yi neman garejin. Abin da Habu ya iya gaya mini kawai shi ne sunan mai wurin Alhaji Lawali, ƙofarsa shuɗiya ce, kusa da inda ake sayar da dabbobi. Masu suna Lawali a Maraɗi kuwa sun fi a ƙirga. Aka kai mu wurin mai sayar da injin niƙa, aka kai mu wurin wani da ya rasu bara har muka yi ta'aziyya. Sai da muka ce mai sayar da motocin daji da masu aikin haƙar rijiyoyi suka bari, sannan wani mai faci ya nuna mana. Ƙofar ma an sake mata fenti, ta koma kore.

Muka koma muka ɗauko Kawu, don magana irin wannan ba a yin ta ba namiji a wurin. Alhaji Lawali dogo ne, siriri, mai magana a hankali. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Kano, ya tambayi damina. Ina amsawa, amma idona yana kan wani abu a kusurwar gareji. Ƙarfe ne baƙi mai ƙafa huɗu, an jingina shi da bango, an shanya tsummokara a kansa. Ƙafafunsa duka da alamar yanka.

Na ce, "Alhaji, wancan fa?"

Ya waiwaya ya ce, "Na wata ƙaramar mato ce da wani Bakano ya saya. Shi ya ce a cire."

Na kwashe labari duka na gaya masa. Da na zo kan ƙafar Malam Idi ya yi salati ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na hwaɗa mishi. Wallahi na hwaɗa mishi. Wagga mato gajera ce, in an yi mata lodi sama sai ta kihe, ƙarhen nan shi ka hana ta danne mutum. Ya ce shi hatsi zai ɗauka ba mutane ba, kuma kuɗinshi ne. Mai waldata ya yanke, ya ƙara mishi bodi."

Na ce, "To Alhaji, abin da ka faɗa yanzu nake so ka zo ka faɗa a gaban alƙali."

Ya ɗaga hannu biyu. Ya ce shi ba ya shiga shari'ar wata ƙasa, balle yanzu da ake cewa ana yanke hannu a wurinmu. Na ce ba a yanke hannun shaida. Ya ce duk da haka. Sai na ce, "Shi ke nan. Amma ka sani, abin da Alhaji Tanko ya faɗa a kotu shi ne yadda ka sayar masa haka take. Duk Gwarzo yanzu an san wani Lawali na Maraɗi yana sayar da mota ba kariya, ta cinye ƙafar mutum."

Ya kira mai waldar, suka koma gefe suka yi magana. Da ya dawo ya ce za su zo su biyu. Har na fara godiya sai ya tsayar da ni.

Ya ce, "Tsaya, Hajiya. In na zo, duka zan hwaɗi. Direban da ya zo tare da shi, ƙanenki ke nan ko? Na ja shi gehe na ce mishi, tunda an cire ƙarhe, kada ka ɗauki kowa, kada lodi ya wuce kahwaɗarka, kada ka ratsa gangare a karkace. Ya ce ya ji. In alƙali ya tambaye ni, ba ni ɓoyewa."

Habu bai taɓa gaya mini wannan ba. Kawu ya ga fuskata ta canza ya ce a maimaita masa. Da ya ji sai ya matso ya yi abin da yake zaton raɗa ce, alhali duk gareji ana ji. Ya ce, "Hanne, mu ɗauki ƙarfen kawai mu bar mutumin. Ƙarfe ba ya magana."

Na yi tunanin abin, ba zan ce ban yi ba. Na tuna Habu da 'ya'yansa, na tuna gonar. Amma na tuna kuma da Malam Idi a kan gadon asibiti, ana ta jifa da ƙafarsa tsakanin mai mota da direba, kowa na cewa ba shi ba ne. Na ce, "Kawu, ba shaidar saye na zo yi ba. Idan na ɓoye rabi, me ya raba ni da Alhaji Tanko?" Na juya na ce wa Alhaji Lawali ya zo ya faɗi duka.

Suka ce za su biyo baya ranar zaman kotu. Ni kuwa na ce ƙarfen nan ƙafata ƙafarsa. Hajiya Mariyama ta yi mana guzurin kilishi da dogon burodi, na bar mata abin da ya rage a galan. Aka ɗaure ƙarfe a saman mota, ƙafafunsa a sama.

A iyaka ya tara mana jama'a. Ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya zagaya shi ya ce gado ne. Wani ya ce a'a, turken shanu ne. Na ce shaida ce za ta kotu. Ya ce bai taɓa ganin shaida da tsatsa ba, ya yi dariya ya ce mu wuce. A ɓangarenmu aka ce kayan gyaran mota ne, sai an biya. Na ce to a rubuta mini takarda da sunan wanda ya riƙe shi, in kai wa alƙali, ya aiko a karɓa. Aka dubi juna, aka ce in kwashe tarkacena. Bayan mun wuce Gidan Mutum Ɗaya igiya ta tsinke, ƙarfe ya sulluɓo ya faɗi a titi da ƙara kamar an yi karo, Allah ya sa babu mota a bayanmu. Daga nan har Gwarzo Kawu ne ya fitar da hannu ta taga yana riƙe da bakin igiya, yana faɗa wa duk motar cewa jaki bai taɓa yi masa haka ba.

Ranar zama kotu ta cika. Alhaji Lawali da mai waldarsa suka iso kamar yadda suka yi alkawari. Alƙali ya sa aka turo Kwaɗo harabar kotu, aka ɗaga ƙarfen aka ɗora. Ƙafafunsa huɗu suka zauna daram a kan guntayen da suka rage a jikin motar. Alhaji Tanko ya ce shi ya manta da wannan zance, harkokinsa da yawa. Alƙali ya ce, "Yanzu an tuna maka."

Sannan Alhaji Lawali ya faɗi sauran. Ina kallon Habu, ya sunkuyar da kai. Alƙali ya tambaye shi ko an yi haka, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an yi." Aka yanke hukunci. Kaso mafi girma na diyya a kan mai mota, domin shi ya cire abin da aka sa don kare rai bayan an gargaɗe shi, ya kuma ƙara mata bodin da ya fi ƙarfinta. Saura a kan direba, domin ya ɗauki mutane ya kuma yi lodin da aka hana shi. Aka ce kada motar ta sake fita sai an mayar da ƙarfenta, kuma kada a sake ɗora mutum a kan kaya.

Gona ba ta tafi duka ba, gefen fadama kawai muka sayar. Amma kada ku zaci an yi mini guɗa a gida. A bakin kotu Habu ya ce, "Yaya, na aike ki ki nemo mai cetona, kin dawo da mai tona ni."

Na ce, "Ba ka aike ni ba, ni na tafi. Kuma da ka gaya mini gaskiya tun farko, da ban ji ta a bakin baƙo ba."

Ya daɗe ba ya shigowa gidana. Matarsa ta daina aiko yara karɓar ƙuli. Alhaji Tanko kuma ya hana yaransa sayar mini da gyaɗa, sai na koma saye a ƙauye ina ɗorawa a amalanke. Wasu suka ce na zubar da mutuncin gida, mace ta je ta kwana a tasha. Na ce a ɗakin mai tuwo na kwana, kuma ko a tashar ne, ba a kan gadon wani ba ne. Mutum ɗaya ne ya aiko mini da godiya, Malam Idi. Ya aiko da zabi biyu, ya ce a gaya mini shi ba kuɗin ne suka fi yi masa daɗi ba, a'a, yadda aka daina cewa tsautsayi ne kawai.

An mayar wa Kwaɗo ƙarfenta, an ba wani sabon direba. Kwanan baya ina dawowa daga sayen gyaɗa ta wajen Lakwaya, ranar kasuwa, sai na ji ƙararta a bayana. Na waiwaya. Buhuna sun haura ƙarfen, a kan buhunan kuma mutane ne zaune, har da mace mai goyo. Ban san lokacin da na bar gefen amalanke na tsaya a tsakiyar hanya ba.

Direban ya taka birki ya leƙo ya ce, "Inna, lafiya? Matsa mana."

Na ce, "Sai sun sauka."

Ya ce, "Motarki ce?"

Na ce, "Ba tawa ba ce. Amma ƙarfen da ke saman kanka ni na ɗauko shi daga Maraɗi, kuma ina nan alƙali ya yi magana. Ko su sauka, ko ka bi ta kaina ka je ka yi bayani."

Ya yi ta danna ham, waɗanda ke kan buhunan suna ta surutu, wani ya ce wannan ai ita ce Hannen nan. Rana tana dukana, amma ban gusa ba. Mai goyon ce ta fara saukowa. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya suna zagina ƙasa-ƙasa. Da na ga babu kowa a kan buhu sai na koma gefe, motar ta wuce.

Na karɓi ƙullin kayan mai goyon na ɗora a amalankena, muka taka tare har gari.